Filin Yaya Mai Kusurwa Uku

Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ita ce babba a ɗakinmu. Ni Yaya nake ce mata, amma duk unguwar da ta taɓa zama Injiniya suke kiranta. Mijinta ne ya laƙaba mata sunan da wasa, ran da ya dawo ya tarar ta kwance injin markaɗenta gaba ɗaya ta baza ƙarafan a tsakar gida, hannunta baƙi ƙirin da mai, tana neman abin da ke ƙara a ciki. Ta kuwa samo shi, ta mayar da komai inda yake, injin ya tashi. Tun daga ranar sunan ya bi ta.

Sana'arta ke nan tun tana da goyon fari. Injin markaɗe ɗaya ta fara da shi, na tumatir da barkono da wake, daga baya ta ƙara na niƙan hatsi. Shekarun da ta yi tsaye a kan inji sun ɗan taɓa mata kunne, don haka in tana magana sai ka zaci faɗa take yi. Ko sirri za ta gaya maka, maƙwabta sai sun ji. Mijinta kuma tela ne, mutum mai sanyin hali, wanda zai iya wuni a kan kekensa bai ce uffan ba, in ban da gaisuwa. Mu ƙannenta mukan tsokane shi mu ce ai Yaya ta riga ta yi maganar mutum biyu, shi ya sa ya huta.

Matsalarta ɗaya a duniya, gidan haya. Duk inda suka kama, da farko maigidan zai ce ba komai, ai neman halak ne. Bayan 'yan watanni sai ƙorafi ya fara: bango na tsagewa, jariri ba ya barci, tsoho na fama da hawan jini. Ban san iyakar sau nawa na taya ta ɗaure kwanuka a zani ba. Kowane tashi kuma sai ta bar masu kawo mata markaɗe a baya, ta sake nemo wasu daga farko. Gidan da suka zauna na ƙarshe sun daɗe a cikinsa, har mun ɗauka an zauna ke nan. Sai ɗan maigidan ya gama karatu ya dawo, ya ce shagon zauren da suke sana'a a ciki yake so ya buɗe wurin sayar da magani. Maigidan ya zo da kansa, yana ta ba da haƙuri, ya ba su wa'adi mai tsawo.

Na je gidan ina shirin lallashi, sai na tarar da ita baki har kunne. Ta ja ni ɗaki ta rufe ƙofa, ta ce min da muryar da take ganin raɗa ce, ta gama tashi daga gida zuwa gida. Fili za ta saya. Ashe ta daɗe tana tari, ga kuma rabonta na gonar mahaifinmu da aka sayar, wanda ba ta taɓa ba. Ta ce in an haɗa zai sayi fili, ya kuma tsayar da shago da ɗaki ko biyu. Kafin in fito daga ɗakin matan gidan sun fara yi mata barka.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, ranar hutuna ɗaya a mako. Yaya ta ƙwace ranar ba tare da ta tambaye ni ba. Ta samo wani dillali da ake kira Dogo, mutum mai fara'a da saurin tafiya, wanda kowane fili a bakinsa shi ne na ƙarshe da ya rage a garin.

Wurin da ya fara kai mu wata sabuwar unguwa ce, tituna a miƙe, gidaje masu dogayen katangu da manyan ƙofofin ƙarfe. Filin yana da kyau, murabba'i sak, a share. Yaya ta shiga ta tsaya a tsakiya ta buɗe hannuwa, ta ce a nan za ta sa shago, a can ɗakin yara. Muryarta ta bugi katangar maƙwabta ta dawo. Wani mai gadi ya leƙo ta ƙaramar ƙofa ya dube mu ya koma. Dogo ya ɗan rage murya, wai ko za ta kwaikwaye shi, amma ina. Ta tambaye shi inda matan unguwar ke kai markaɗe. Ya sosa ƙeya ya ce ai nan kowace mace da ɗan injinta a kicin.

“To ni na zo in yi musu me, gadi?” in ji Yaya. Ta kama hannuna muka fito tana dariya.

Mun ga wasu bayan wannan. Akwai wanda ke gangaren kwari, da ganin layin da ruwa ya bari a bangon gidan kusa da shi muka juya. Akwai wanda mutum biyu suka zo a gabanmu kowa na cewa na mahaifinsa ne. Duk wannan bai rage mata zumuɗi ba. A motar haya take ba fasinjoji labarin gidan da ba a gina ba, har da launin fentin da za ta yi. Wata rana wata mata da ba mu sani ba ta sauka tana yi mata addu'ar Allah ya sa a tare lafiya.

Sai Dogo ya ce akwai wani a bayan gari, babba ne ƙwarai, kuma kuɗinta zai saye shi har ya yi saura. Ranar mijinta ya rufe shago ya bi mu. Mun bar kwalta muka bi hanyar ƙasa mai nisa. Filin kuwa ya kai a gani. Faɗinsa ya ninka duk waɗanda muka gani, ƙasar baƙa mai laushi, ga wata ƙatuwar bishiyar mangwaro a gefe ɗaya. Iska na kaɗawa, ba ka jin komai sai tsuntsaye.

Ban taɓa ganin mijin Yaya haka ba. Ya cire takalmi ya taka ƙasar, ya ɗebo ya murza a hannu. Ya zagaya filin shi kaɗai, ya dawo yana magana ba tsayawa. Ya ce a nan za a yi ɗakin kaji, a can a shuka ganye, a ƙarƙashin bishiyar a ɗora benci. Ya ba mu labarin lambun kakansa, wanda ni tunda nake ban taɓa jin ya ambata ba. Yaya ta tsaya tana kallonsa.

A hanyar komawa ta zauna kusa da ni har muka hau kwalta. Sannan ta ce, da murya ƙasa-ƙasa ta gaske, mutumin nan shekara da shekaru yana bin ta daga gida zuwa gida saboda injinta, bai taɓa cewa ya gaji ba, bai kuma taɓa neman komai ba. Yau ya ga abin da yake so. Ta ce wataƙila lokaci ya yi da za ta sayar da injinan ta kama kiwon kaji. Na dube ta na ga da gaske take. Na kasa hango Yaya tana watsa wa kaji dusa.

Ta gaya wa Dogo ya riƙe musu filin. Kwana biyu ta yi tana aiki ba walwala, har masu kawo markaɗe suna tambaya ko ba ta da lafiya. Mijin yana lura da ita. Da sassafe wata rana ya naɗe tabarma, ya ɗauki gorar ruwa, ya hau babur ɗinsa ya fita bai faɗi inda za shi ba. Da yamma na biya gidan daga wurin aiki, ina zaune ya shigo, ƙura har gira. Ya sha ruwa, ya zauna a bakin ƙofa, ya ce filin ya je ya wuni.

Ya ce da safe abin ya yi masa daɗi. Ya shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro har ya ɗan yi barci. Da ya farka ya zauna yana jiran ya ga masu wucewa. Wunin nan cur, makiyayi ɗaya ya gani da shanunsa, sai wani mai keke da ya ɓata hanya. Ya nemi inda zai sayi ko da ashana babu. Ya tambayi makiyayin inda yara ke zuwa makaranta, mutumin ya nuna masa da sanda can inda ido ba ya kaiwa. Kafin la'asar shirun ya ishe shi, har ya kama kansa yana yi wa babur magana.

“Injiniya, wurin nan na ziyara ne, ba na zama ba,” in ji shi. “Ke wa zai kawo miki markaɗe a can? Ni kuma wa zan yi wa ɗinki, shanu?”

Yaya ta ce ai ta ga yana so. Ya ce yana so mana, kamar yadda yake son motocin da ke wucewa a titi, amma bai taɓa tsayar da ɗaya ya ce tasa ce ba. Ya ce ta cire maganar sayar da inji daga ranta, domin ya ji labarin. Ta juyo ta harare ni, na rantse mata ba ni ba ce. Ya ce ba sai kowa ya gaya masa ba, ran da take shawara da ƙawarta a ɗaki yana shago yana ji. Ta fashe da dariya har da hawaye, ta tashi ta ɗora masa ruwan wanka.

Filin da ta saya a ƙarshe ba dillali ne ya nuna mata ba. Ta je layin masu walda ne a bayan tashar mota, inda take kai farantan injinta a gyara musu haƙora. Tana jira ta ga mata na fitowa daga wani lungu ɗauke da bokitai da robobi a ka, suna tsallaka titi. Idon mai sana'a, ta gane markaɗe ne. Ta tare wata ta tambaye ta, matar ta ce babbar kasuwa suke kaiwa, domin duk unguwarsu babu injin markaɗe. Yaya ta bar farantan a wurin mai walda ta bi lungun. A bakinsa ta ga wani fili da aka jibge gumagumai a ciki, gefe ɗaya injin yankan katako, ɗaya gefen masu walda, bayansa kuma unguwa ce cike da gidaje manne da juna.

Ta kira ni a waya ina tsakiyar aiki. Sai da na nisanta wayar daga kunnena, abokan aikina duk suka ji. Ta ce ta samu, in zo yanzu-yanzu. Na ce sai na tashi. Da na isa da yamma na tarar da ita zaune a kan gungume, ta sayi rake tana sha, ta riga ta san rabin matan lungun. Dogo, da shi ma ta kira, na tsaye gefe yana fifita da hula, fuskarsa ba daɗi.

Gaskiya ni ma da na ga wurin bai yi min ba. Filin kusurwa uku ne, faɗi ta gaba, ya tafi yana tsukewa har ya ƙare kamar bakin tsinke. Ƙarar zarto ba ta barin ka ji abin da na kusa da kai ke faɗa. Dogo ya ce ya san filin sarai, na wani tsohon direba ne, filin ya daɗe a kasuwa ba mai saye. Duk wanda aka kawo, kafin ya sauko daga mota ya ce a juya. Ya ce shi kunya ce ta hana shi nuna mata, yaya za a yi ya kawo mace mai iyali tsakanin zarto da walda.

Yaya ta daka masa tsawa, ba don fushi ba, don ya ji. “A nan wa zai ce min injina ya dame shi?”

Na ja ta gefe na ce ta bi a hankali, kada zumuɗi ya ɗebe ta. Ta ce ai ba yau za ta biya ba. Ta kuwa yi abin da ya kamata. Ta dawo da mijinta ya ga wurin, ya tsaya ya daɗe yana kallon masu shiga lungun da masu fita, ya ce akwai mutane. Ta tambayi matan unguwar yadda wurin ke yi da damina, suka ce ruwa ba ya kwana, kwata ce babba ta bi ta gaban. Ba ta yarda ba sai da aka yi ruwa mai ƙarfi ta yafa buhu ta je ta gani da idonta. Ta gano makarantar yara ba nisa, famfon unguwa kuma yana bakin lungun. Ta gano injin katako ba ya aiki bayan faɗuwar rana. Tsohon direban ya kawo takardunsa, ni da ita muka kai ofishin filaye aka duba, aka ce babu wata rigima a kai.

Saura mai injin katako. Gumaguman nan nasa ne, ya daɗe yana ajiya a filin kyauta, kuma ashe yana jira ne tsohon ya gaji ya sakar masa da araha. Da ya ji mace na neman wurin sai ya aiko a gaya mata wurin ba na zaman iyali ba ne, ƙura za ta kashe ta. Yaya ta gyara ɗaurin zani ta shiga har inda yake, ni ina biye da ita ina addu'a a zuci. Ƙaton mutum ne, ya saba in ya buɗe baki kowa ya yi shiru. Bai kashe zarton ba, da gangan. Ya fara magana da ƙarfi, Yaya ta amsa masa da muryarta ta kullum, sai ga ma'aikatansa sun daina aiki suna kallo. Ta ce masa ita ma mai inji ce, ta san wahalar wurin ajiya, ba ta zo korar kowa ba. Ya bar gumagumansa a tsukakken ɓangaren har ta tashi gina shi, ita gaba take buƙata yanzu. Ta kuma gaya masa bel ɗin injinsa ya saki, tana ji daga waje.

Mutumin ya dube ta, ya dubi injin, ya sa aka kashe. Da wurin ya yi tsit sai ya yi dariya, ya ce ai ya san ya saki, sabo ne bai iso ba. Ya sa aka kawo mana kujeru. Kafin mu fito ya ce in ta tashi rufi ta zo wurinsa, zai zaɓar mata busasshen katako.

Ranar da aka sa hannu aka kafa duwatsun iyaka, Yaya kamar ta zuba ruwa a ƙasa ta sha. Ta bi kowane dutse ta dafa shi. Tsohon direban ya yi ta sa mata albarka, ya ce ya ɗauka zai mutu ya bar wa 'ya'yansa ciwon kai. Ta kira duk 'yan'uwa, na kusa da na nesa, har wayarta ta mutu ta karɓi tawa. Ƙaninmu ya tambaye ta girman filin, ta ce ya zo ya gani, in ya tsaya a ƙarshensa zai iya dafa iyaka biyu da hannu ɗaya.

Ginin bai zo da sauƙi ba. Magini na farko ya ga siffar filin ya ce shi bai iya ba. Na biyu ya yarda, amma kullum da gardama, domin Yaya na tsaye a kansa tana auna bulo da ido. Shaguna biyu aka fara yi a gaba, nata da na mijinta, sannan ɗakuna biyu a baya. Ɗakin ciki ya fito a karkace, har sai da kafinta ya rage wa gadonsu kusurwa ɗaya kafin ya zauna. Maganar ƙura ma ba ƙarya mai katako ya yi ba. Dusar katako na shiga ko'ina, dole ta sa raga mai ƙananan ido a tagogi, ta rufe gefen shagon da ke kallon zarto gaba ɗaya, ta koma yin shanya bayan sun tashi aiki. Kuɗin suka ƙare kafin a yi fenti, suka tare a haka, wa'adin gidan haya saura kaɗan.

Ranar da za a tayar da inji na karɓi hutu na zo. Masu walda sun ɗaure mata shi a kan siminti tun jiya. Tun da safe matan lungun suka fara jera bokitai a ƙofa, layin ya kai bakin kwata. Yaya ta ɗaura sabon zani, ta yi bisimilla, ta ja igiya. Injin ya yi tari ya mutu. Ta sake ja, ya ƙi. Masu walda suka taru, mai katako ya fito, kowa na faɗin abin da yake gani. Gumi ya jiƙa mata riga. Sai mijinta ya leƙo daga shagonsa, ya tambaya a hankali ko ta buɗe mai, domin shi ya rufe shi ran da aka ɗauko injin. Ta dube shi kamar ta cinye shi, ta murɗa, ta ja igiya, injin ya ɗauka da wata irin ƙara. Matan suka yi ta tafi. Zarto na yi, walda na yi, nata na yi, ba wanda ya leƙo ya ce a rage.

Wata tsohuwa ce a gaban layi, da ɗan bokitin wake. Yaya ta markaɗa mata ta ce na farko kyauta ne. Tsohuwar ta tsoma yatsa ta murza, ta yamutsa fuska, ta ce bai yi laushi ba, na kasuwa ya fi. Yaya ta ce a kawo, ta ƙara matse faranti ta sake juye shi. Tsohuwar ta sake murzawa, ta ce yanzu ya yi, gobe za ta turo surukarta. Yaya ta miƙa min roba ta ce in daina tsayuwa kamar baƙuwa in ɗebo mata ruwa, sannan ta jawo bokiti na gaba.